Bakwaini a Ƙirjin Kaka

Da labari ya iske Mama Emilia a ƙauyensu na bayan Gidan Waya cewa matar ɗanta ta sauka tun ciki bai isa haihuwa ba, ba ta tsaya kuka ko guɗa ba. Ta ɗaure tukunyar wanka da ƙullin ganye da kwalbar manja, ta hau motar katako ta nufi Kafanchan. A shekarar ce aka sake wa jihar suna, kuma ana tsakiyar marka, ruwa ba ya ɗaukewa sai dai ya ɗan huta.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu, ba ɗokin ganin jika kaɗai ya taso ta ba. Sunanta ta je wankewa. Bara waccan Selina, matar ɗanta Meshak, ta haifi ɗan fari, shi ma bakwaini. Emilia ta yi masa abin da kowace kaka ke yi. Ta goge shi da manja, ta yi masa wanka safe da yamma a tsakar gida, ta miƙa shi ga 'yan barka hannu zuwa hannu. Ko suna ba a yi ba yaron ya koma. A wurin bizne shi wata gwaggon Selina ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, wai akwai hannun da in ya taɓa jinjiri ba ya kwana.

Maganar ta riga Emilia isa gida. Sai aka tuna ai mijinta Dogara ma farat ɗaya ciwo ya ɗauke shi, aka tuna akuyar wane, aka tuna ɗan wance. Matar da ta wanke rabin yaran ƙauyen da hannunta ta wayi gari ba mai kiranta wankan jariri. In ta shigo coci sai iyaye mata su jawo 'ya'yansu kusa. Ba wanda ya taɓa ce mata mayya a ido, kuma wannan ya fi ƙona mata rai, don da an faɗa da ta samu wanda za ta shaƙe. Saboda haka tun a mota ta gama shirinta: za ta wanke wannan jikan, ta riƙe shi a gaban matan zumuntar coci, ya rayu, bakin kowa ya mutu.

Meshak akawu ne a tashar jirgi, yana zaune a gidajen ma'aikatan reluwe, ciki da falo da ɗan baranda. Emilia ta shiga ta tarar da Selina zaune a kan gado ta jingina da bango, sanye da wata babbar rigar mijinta, ta ɗaura zani a ƙirji. Ta duba gadon, ta duba tabarma, ba ta ga jariri ba. Yarensu ba ɗaya ba ne da surukar tata, da Hausa suke magana, kuma ko da Hausar ba su taɓa yin doguwar hira ba.

"Ina yaron?"

"Yana nan, Mama," in ji Selina. Ta ɗan buɗe wuyan rigar.

Emilia ta leƙa. Wani ɗan kai ne can tsakanin nonon uwar, bai fi lemo ba, da hular ulu a kansa. Tsirara yake in ban da ɗan tsumma a gindi, cikinsa manne da fatar uwarsa, ƙafafu a tanƙwashe kamar na kwaɗo.

"Kawo shi in gani."

"Ki gan shi a nan, Mama."

"Da ido? Ni baƙo ne a gidan nan?"

"Ba na cire shi. Ko Meshak bai ɗauke shi ba. In ya bar jikina sanyi yana kama shi."

"Wane likita ya koya maki a sa yaro cikin riga kamar wanda ya saci kaza? Yaro a baya ake goya shi, shi ma sai cibiya ya faɗi."

"Ba likita ba ne. A asibiti sun ce ba su da kwalban sa bakwaini sai Jos, kuma ba zai kai Jos ba. Sun ce in naɗe shi da auduga." Selina ta gyara zaninta. "Na naɗe wancan da auduga."

Kalmar "wancan" ta soki Emilia. Ta fita ta haɗa murhu a bayan gida, ta dafa ruwa da ganye kamar ba ta ji ba. Ruwan ya tafasa, ya huce, ta zubar. Washegari ta sake dafawa ta sake zubarwa. Selina malamar makarantar firamare ce, kuma irin malaman nan ne da in sun ce a'a sau ɗaya ba sa ganin dalilin maimaitawa. Ko nata wankan jegon ba ta yarda ta yi yadda ake yi ba, don sai ta ajiye yaron. Tsumma take jiƙawa ta goge jiki tana zaune. Yaron bai iya kama nono sosai ba, sai ta tatsa a kofi ta riƙa ɗiga masa da ƙaramin cokali. Emilia tana kallo daga bakin ƙofa tana tsaki, ta ce jego ba wanka ciwo ne ake kira da hannu biyu. Shi kuwa Meshak sai ya gano cewa aikin tasha ya yi yawa a kwanakin nan, ya fita da sassafe, ya dawo ya ci tuwo kansa a sunkuye.

Ranar da matan zumunta za su zo barka, Emilia ta yi wanka ta ɗaura zaninta na zuwa coci. Wannan ranar take jira. A al'ada kakar wajen uba ce ke karɓar jariri daga uwarsa ta miƙa wa baƙi, kuma ta tabbata ko Selina ba za ta iya hana ta a gaban jama'a ba.

Suka shigo da waƙa, ɗauke da itace da sabulu da mudun acca. Mama Martina matar fasto ce a gaba, mace mai taushin murya wadda ba ta taɓa zagin kowa ba, sai dai ta yi maka addu'a a gaban mutane har ka gwammace zagi. Aka yi addu'a, aka ce amin. Emilia ta miƙe ta je bakin gado ta miƙa hannuwanta biyu.

"Mama, na gaya maki," in ji Selina a hankali.

Emilia ba ta janye hannun ba.

"Ɗiyata," in ji Martina, "ki ba Mama ya miƙo mana shi mu sa masa albarka."

"Ku sa masa daga nan, Mama Fasto. Ubangiji yana ji."

Kowace mace a wurin an ci fuskarta, don hana 'yar barka ɗaukar jariri daidai yake da ce mata ana tsoron abin da ke cikinta. Amma ba Selina suka kalla ba. Emilia suka kalla, ɗaya bayan ɗaya, ta gefen ido, ita kuma ta karanta abin da ke ransu sarai: yarinyar nan ta hana kowa ne don ta samu hanyar hana mutum ɗaya. Tana tsaye da hannu a miƙe har kafaɗarta ta yi tsami, sannan ta sauke ta koma ta zauna. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a ƙauye.

Suna fita ta tura ƙofa ta juyo.

"Ki faɗa. Ki ce ni na cinye wancan."

"Ban ce ba."

"To ki ce ban ci ba."

Selina ta sunkuya tana gyara wa yaron hula. Emilia ta jira. Ruwa na zuba a kan kwano, jirgi ya yi kuka a tasha, Selina ba ta ɗago ba.

"Na ji," in ji Emilia. "Gobe zan koma. Ki riƙe kazanki."

Ta ɗaure kayanta tun da yamma. Da gari ya waye tana shirin fita sai ta ji Meshak yana kiran sunan matarsa da wata irin murya. Selina ce kwance jikinta kamar garwashi, haƙora na haɗuwa, tana maganganun da ba su da kan gado. Ashe kwanaki ke nan tana ɓoye zazzaɓi don kada a raba ta da yaron. Emilia ta taɓa goshinta ta ce a ranta ai ga wankan da aka ƙi nan, amma ko ita ta san ba lokacin faɗa ba ne.

Meshak ya ruga ya samo a-kori-kurar wani ɗan kasuwa mai sayen citta. Bayan motar a buɗe yake, ruwa kuma na tsuga. Selina ba ta iya zama ba balle ta riƙe wani abu, kuma ko mahaukaci ya san in aka fita da ɗan mitsitsin yaron nan cikin wannan ruwa gawarsa za a kai asibiti. Maƙwabta sun cika baranda, har da Martina da lemarta.

"Wani ya taimaka ya riƙe mana shi," in ji Meshak. "A jiki, yadda Selina ke yi. Zan riƙa kawo nono daga asibiti."

Nan fa aka ga ikon Allah. Wannan tana da goyo, waccan mura take yi, ɗaya ta bar wake a wuta. Martina ta ce ƙirjinta na damunta tun Ista, amma za ta sa su a addu'a. Ba a zarge su da yawa ba, don jiya-jiya aka hana su taɓa shi, kuma ba macen da ke son bakwainin wani ya mutu a jikinta. Meshak ya fara ɓalle maɓallin rigarsa, direba ya ce to wa zai riƙe mara lafiyar a bayan mota? Sai ya tsaya da hannu a maɓalli, ya juya ya kalli uwarsa.

Emilia tana tsaye da ƙullin kayanta a ka. Ta ga abin gaba ɗaya, ba sai an yi mata bayani ba. Yaron da ko kuka bai iya yi da ƙarfi ba, uwarsa ba ta nan, ana marka. In ta fita yanzu ta hau mota zai mutu, amma ba a hannunta ba, kuma kowa shaida ne ba ta taɓa shi ba. In ta karɓe shi ya mutu a ƙirjinta, to ta gama yawo. Ko kabarinta sai an zagaye shi. Tsoro ya kama ta, kuma ta tsani Selina a wannan lokacin fiye da kowane lokaci.

"Ba ita ba," in ji Selina daga kan gado, idonta rabi a rufe. "Meshak, ba ita ba."

"To wa?" in ji Meshak. "Ki duba, wa?"

Selina ta buɗe ido ta bi matan da ke bakin ƙofa da kallo. Kowace ta samu abin dubawa a ƙasa.

Emilia ta sauke ƙullin. "Ba zan ɗauka ba sai ya ba ni da hannunsa," ta ce wa ɗanta, tana nuna Selina da haɓa. "A gaban mutane."

Aka tallafo Selina. Ta kwance zanin, ta ciro yaron. Emilia ta cire rigarta a gaban kowa, ita da ko a rafi ba ta wanka sai ta juya baya. Selina ta ɗora mata shi, ta ɗaga murya iya ƙarfin da ya rage mata.

"Na ba ki shi da rai. Kowa ya gani."

Da wannan godiyar aka fita da ita.

Emilia ta ɗaure yaron yadda ta ga ana yi, ta jawo kujera ta zauna a falo daidai ƙofa, inda iska ba ta bugowa amma duk mai wucewa zai gan ta. Ba ta yarda da dabarar ba ko kaɗan. Shirme ne na 'yan boko a wurinta. Amma ta rantse ba za ta kauce ko da taƙi ɗaya ba, don in abin ya faru kada a ce ta sake wani abu. A zaune take barci, a zaune take cin abinci. In za ta zaga bayan gida da shi take zuwa, ta rufa bargo. Meshak na zirga-zirga a keke da kofin nono a rufe cikin tsumma, ita kuma tana ɗiga wa yaron a baki tana masa faɗa.

"Haɗiye. Kai ma irin uwanka ne, taurin kai. In ka mutu mini a nan ba zan yafe maka ba, ka ji?"

Yaron na warin nono da fitsari, hannunta har ƙaiƙayi yake yi don son ta tsoma shi a ruwa. Wata rana da hantsi ta ciro shi ta shimfiɗa a cinya don ta sake masa tsumma. Kafin ta ninke sabon, ta taɓa tafin ƙafarsa ta ji ya yi sanyi kamar randa. Ta mayar da shi da sauri, ta rungume. Sai ga wancan ya faɗo mata a rai, tsirara a tsakar gidan nan da sassafe, tana juya shi a hannu ɗaya tana kwara masa ruwa, 'yan barka na jiran a miƙo musu. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Daga nan ta yi tsaki mai ƙarfi. Yara nawa ta wanke haka suka girma suka yi gemu? Ta kori tunanin, ya tafi ya dawo, ta sake korarsa. Ba ta gaya wa kowa ba, amma daga ranar ko tsumma a cikin zani take sake masa.

Wani yammaci kuma tana gyangyaɗi sai ta farka firgigit. Ɗan motsin nan da ta saba ji a ƙirjinta, sama da ƙasa, ya tsaya. Ta leƙa ta ga leɓensa ya yi duhu. Ba ta yi ihu ba, don ihu zai tara mutane. Ta murza masa baya da tafin hannu, ta ɗalle masa ƙafa, tana kiran sunan Yesu a yarenta. Yaron ya ja wani dogon numfashi, ya yamutsa fuska, ya yi ɗan kukansa na kyanwa. Emilia ta zauna hawaye na zuba a kan hular ulu. Sai da ta natsu ta lura ko sau ɗaya ba ta tuna da bakin mutane ba.

A haka aka ci kwanaki. Bayanta ya ƙage, ƙafafunta suka kumbura. Yaron kuwa ya fara shanye abin da ke kofi ya nemi ƙari, wuyansa ya yi ɗan layi, in ya yi kuka har baranda ana ji. Masu wucewa suka fara tsayawa suna gaishe ta daga nesa. Emilia tana amsawa a daƙile, amma a ranta ta fara lissafin yadda za ta shiga cocin ƙauye ranar Lahadi, da wadda za ta fara kallo a ido.

Aka sallamo Selina ta rame kamar a hure ta. Tana shigowa ta buɗe zanin surukarta ba ko sannu, ta duba yaron daga kai har ƙafa, ta juya shi, ta duba bayan kunne da tsakanin yatsu. Emilia ta ƙyale ta ta gama. Jiri bai bar Selina ta daɗe a zaune ba, dole ta mayar mata da shi ta shiga ciki ta kwanta, ta bar ƙofa a buɗe yadda za ta riƙa ganinsu.

Da la'asar matan zumunta suka dawo yi wa mai jego sannu. Wannan karon Emilia suka tarar a falo, jikanta a ƙirji yana barci. Ta buɗe musu wuyan zanin da kanta, suka leƙa ɗaya bayan ɗaya suna mamakin yadda ya cika. Aka yi waƙa ƙasa-ƙasa, aka yi addu'a. Emilia ta ji wani sanyi a ranta, ta ce yau dai Allah ya yi.

Da za su tafi Martina ta matso, ta dafa mata gwiwa, fuskarta cike da fara'a da tausayi na gaske.

"Mama, Ubangiji ya yi maki albarka," ta ce. "Mun daɗe muna addu'a a kanki a zumunta, Allah ya taɓa zuciyanki. Mun gode da kin bar mana wannan."

Sauran matan suka ce amin.

Emilia ta juya ta kalli ƙofar ɗaki. Selina na kwance idonta biyu, ta ji komai. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Suka haɗa ido, suka daɗe a haka, sannan Selina ta ja bargo ta juya fuskarta bango.

Jini ya hau wa Emilia ka. Ta so ta miƙe ta kifa wa matar fasto mari, ta bi sauran da kujera har titi, ta kwance wannan ɗan ta dire wa uwarsa ta kama hanyar tasha. Har ta dafa hannun kujera. Yunƙurin ya sa yaron ya motsa, ya ɗan yi ƙorafi, ya lalubi fatarta da baki. Bai daɗe da samun barci ba, kuma iska mai sanyi na shigowa ta ƙofar da matan suka bari a buɗe.

Ta koma ta jingina, ta ja zanin ta rufe masa kai.

"Ku ja mini ƙofan," ta ce.